Life on Mars: me ya sa na Amurka bai kama ƙafar na Ingila ba?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A daren jiya na kammala kashi na 17, wanda shi ne na ƙarshe, na shirin Life on Mars da tashar ABC ta Amurka ta yi, bayan da na riga na kalli na asali wanda BBC ta nuna, kuma tun da na kashe talabijin raina bai kwanta ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Duk wanda bai kalla ba kuma yake da niyyar kallo, ya dakata a nan, domin babu yadda za a yi a tattauna wannan shiri ba tare da an tona ƙarshensa ba.

Ga wanda bai san labarin ba, BBC ta fara nuna shi a watan Janairu na 2006, ta rufe a watan Afrilu na 2007, zango biyu, kowane zango kashi takwas. Wani jami'in binciken manyan laifuka a birnin Manchester mai suna Sam Tyler, wanda John Simm ya fito a matsayinsa, mota ta buge shi a 2006, da ya buɗe ido sai ya tsinci kansa a 1973, sanye da rigar fata mai faɗin kwala, an rage masa muƙami da mataki ɗaya, kuma yana ƙarƙashin wani shugaba mai suna Gene Hunt wanda hannunsa ke riga bakinsa magana. Har aka kusa gama shirin mai kallo bai tabbatar ba ko dogon suma Sam yake yi a gadon asibiti, ko hankalinsa ne ya taɓu, ko kuwa da gaske ya koma baya. Amurkawa suka sayi izinin labarin, suka mayar da shi New York, suka bar shekarar 1973 da kusan dukkan sunayen, suka fara nunawa a watan Oktoba na 2008. Kuɗi sun fi kashewa, 'yan wasansu sun fi suna a duniya, amma a ƙarshe sai suka ce mana duk abin da muka gani mafarki ne na wani ɗan sama jannati da ke barci cikin kumbo a 2035 a kan hanyarsa ta zuwa duniyar Mars, kuma Gene Hunt mahaifinsa ne da suke tafiyar tare. Tambayata ita ce, wannan ƙarshen ne kaɗai ya ɓata shirin, ko kuwa tun ran gini tun ran zane?

Ummu Nabila:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. A ganina ƙarshen ya tona rauni ne da yake nan tun kashi na farko, kuma raunin yana cikin shekarar da suka ɗauka ba tare da sun tambayi kansu dalilin da ya sa marubutan Ingila suka zaɓe ta ba. Da yake aikin lauya nake yi, abin da ya fi jan hankalina a shirin BBC shi ne ɗakin da ake yi wa waɗanda ake zargi tambayoyi. Ɗakin ajiyar kayan tsintuwa ne, cike da tarkace, babu lauya, babu mai sa ido, kuma duk lokacin da Sam ya ɗora rikoda a kan tebur ya danna kaset, sauran 'yan sandan kallon mahaukaci suke yi masa. Baturen Ingila da ya kalli wannan a 2006 ya san abin da ake nuna masa, domin dokar da ta tsara yadda ɗan sanda zai kama mutum, ya tsare shi, ya yi masa tambayoyi, wadda daga ita ne aka wajabta naɗar tambayoyin a kaset, sai a 1984 aka yi ta. Kuma ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. A 1972 an kashe wani mutum mai suna Maxwell Confait a Landan, aka kama samari uku, babbansu ɗan shekara 18, suka amsa laifin a hannun 'yan sanda, aka ɗaure su, sannan a 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, daga baya kuma aka tabbatar ba su ne suka yi ba. Binciken da ya biyo bayan wannan shari'a na cikin abubuwan da suka haifi dokar 1984. Saboda haka 1973 a Ingila tana tsakiyar zamanin da ɗan sanda zai iya shiga ɗaki da mutum ya fito da takardar amsa laifi, babu wanda zai tambaye shi yadda aka yi.

A Amurka kuwa, tun 1966 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin nan da ake kira Miranda, wanda ya tilasta wa ɗan sanda ya shaida wa wanda ya kama cewa yana da ikon yin shiru kuma yana da ikon neman lauya. Ba ina nufin 'yan sandan New York na 1973 waliyyai ba ne, amma idan Sam na Amurka ya ce a bi ƙa'ida, tuna musu yake yi da dokar da suke da ita suke takawa, alhali Sam na Ingila yana kare dokar da ba a ma rubuta ba tukuna, shi kaɗai a duniyar ya san za ta zo. Wannan kaɗaicin shi ne ruhin labarin, kuma bai tsallaka teku ba.

Ɗan Sabon Gari:
Hajiya, bayaninki ya ilimantar da ni, amma ina ganin an tsananta wa na Amurka. Ni shi na fara kallo, kuma har yau ban manta da lokacin da Jason O'Mara, wanda ya fito a matsayin Sam na Amurka, ya tashi daga ƙasa ya ɗaga kai ya ga tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya tsaye a gabansa ba. A watan Afrilu na 1973 aka yi bikin buɗe su, a 2001 aka rushe su, kuma shirin ya fito shekara bakwai kacal bayan haka. Babu wani hoto a na Ingila da ya gaya wa mai kallo cewa an koma baya da ƙarfi irin wannan, ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba. Sannan ba daidai ba ne a ce 1973 ba ta da ma'ana ga 'yan sandan New York. Kwamitin Knapp, wanda ya bankaɗo yadda cin hanci ya yi katutu a rundunar, ya fitar da rahotonsa na ƙarshe a 1972, kuma Frank Serpico, ɗan sandan da ya fara fasa ƙwan, an harbe shi a fuska a farkon 1971. A 1973 ɗin ne kuma rundunar ta rushe sashen da ta keɓe wa mata, wanda Annie, 'yar sandar da ke aiki tare da Sam a shirin Amurka, take ciki. Ga sojojin da ke dawowa daga yaƙin Biyetnam, ga badaƙalar Watergate, wadda ta girgiza gwamnatin Shugaba Nixon, tana ci. Kayan miya dai akwai su, Hajiya.

Ummu Nabila:
Na yarda akwai su, ɗan uwa, kuma maganar tagwayen benayen gaskiya ce, ni ma ta taɓa ni. Abin da nake cewa shi ne ba su dafa da su ba. Da sun gina shirin a kan cin hanci, a ce Sam ya faɗa cikin caji ofis ɗin da kowa ke karɓar ambulan a ƙarshen wata kuma wanda ya ƙi karɓa rayuwarsa na cikin haɗari, da sun sami nasu ciwon. Maimakon haka sai suka ɗauko labaran kashe-kashen farko daga na BBC kusan yadda suke, suka sauya musu tituna da kiɗa.

Mai Kyamara:
Ina so in ƙara wani ɓangare da ya shafi sana'ar kanta, domin wani lokaci muna ɗora wa marubuci laifin da na tsarin kasuwa ne. Da farko wannan ba wankiya ba ce irin wadda muka sani a masana'antarmu, inda za a ɗauko fim ɗin Indiya a juya shi ba tare da mai shi ya sani ba. Sayen izini aka yi, kuma wanda ya sayi izini yakan ji nauyin ya riƙe sunaye da fasalin da ya biya kuɗi a kansu. Na biyu, shirin ya sha wahala tun kafin ya fito. David E. Kelley ne ya fara shirya kashin gwaji, ya kafa labarin a Los Angeles, Colm Meaney ya fito a matsayin Gene Hunt. Tashar ba ta gamsu ba, aka ajiye wannan gaba ɗaya, aka kawo sababbin masu shiryawa, aka koma New York, aka sauya 'yan wasa duka in ban da O'Mara. Daga nan ne Harvey Keitel (Gene Hunt) da Michael Imperioli (Ray) da Gretchen Mol (Annie) suka shigo.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsawon zango. Marubutan BBC, wato Matthew Graham da Tony Jordan da Ashley Pharoah, kashi 16 suka yi suka rufe, kowane kashi kusan sa'a guda ba tare da talla ta katse shi ba. Tashoshin Amurka irin ABC kuwa suna sayen shiri ne da fatan ya yi shekaru biyar ko fiye, kowane kashi minti arba'in da 'yan kai saboda talla. Labarin mutumin da ke dogon suma ba ya jure shekaru biyar, domin dole wata rana ko ya farka ko ya mutu. Saboda haka suka nemi wani sirri da za a iya ja, suka riƙa watsa alamu, kamar ƙaramin mutum-mutumin nan mai tayoyi da Sam ke gani, da laƙabin ɗan sama jannati da abokin aikinsa Ray ya liƙa masa. An dakatar da shirin tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa ƙarshen Janairu, aka sauya masa rana, masu kallo suka ragu, a watan Maris na 2009 aka sanar cewa ba za a ci gaba ba, ranar 1 ga Afrilu aka nuna na ƙarshe. Sirrin da aka tanada don a warware shi a hankali sai aka zazzage shi cikin 'yan mintoci.

Abu Safwan:
Na fahimci uzurin, Malam Mai Kyamara, amma alamun da ka ambata su ne suka ƙara min ɓacin rai, domin sun nuna cewa tun farko can suka nufa. Sunan shirin daga waƙar David Bowie yake, wadda ke tashi a motar Sam lokacin da aka buge shi, kuma ma'anarsa a na Ingila ita ce 1973 ta zame masa baƙuwar duniya kamar an jefa shi wata duniyar daban. Su kuma sai suka ɗauki karin magana suka mai da ita zahiri, suka kai mu Mars ɗin da gaske, har sunan Gene Hunt ma suka fassara shi da cewa aikin neman ƙwayoyin halitta ne ya kai su can. Abin da ya fi ci min rai shi ne mutanen da aka kashe a cikin kashi 17 ɗin nan, da iyayen da muka ga suna kuka, da Annie da ta sha wulaƙanci kafin a yarda ta zama jami'ar bincike. Idan na'ura ce ta samu tangarɗa ta haɗa wa mai barci mafarki, to babu wanda ya mutu, babu wanda aka zalunta, kuma babu abin da Sam ya saya da wahalarsa.

Malam Abu Huzaifa:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in ja hankalinmu kada ƙin ƙarshen Amurka ya sa mu rungumi na Ingila ido rufe. Mu tuna yadda ya ƙare. Sam ya farka a asibiti, likita ya yi masa aiki a kan ƙarin da ke ƙwaƙwalwarsa, ya koma bakin aiki, mahaifiyarsa tana raye tana murna da dawowarsa. Sai ga shi a wani taro na ofis, ana ta maganar takardu, ya yanke yatsansa jini na zuba bai ji zafi ba, ya tuna maganar Nelson mai mashaya cewa mutum yana sanin yana raye ne idan yana jin abu a jikinsa. Daga nan ya hau saman benen ofishin ya faɗo da gangan, don ya koma 1973. An ɗauki hoton da kyau, an sa kiɗa mai tashi, an nuna fuskarsa cike da farin ciki, ta yadda mai kallo zai ji kamar nasara ce. Amma idan aka cire kwalliyar, mutum ne ya kashe kansa ya bar uwa da baƙin ciki, kuma shirin ya yi masa tafi. Ni wannan ya dame ni ƙwarai, musamman da na tuna cewa akwai matasa masu fama da ƙuncin rai da ke kallon irin waɗannan shirye-shirye su kaɗai cikin dare. Na Amurka, duk da rashin daɗinsa, ya ƙare ne da ɗa yana neman sulhu da mahaifinsa.

Abu Safwan:
Allah ya gafarta Malam, ba ni da ja a kan haramcin abin da Sam ya aikata, kuma ban taɓa cewa ya yi daidai ba. Abin da na ce shi ne wancan ƙarshen ya fito daga cikin labarin, yana da farashi, kuma ya bar mai kallo da tambaya mai nauyi game da rayuwar zamani da ta cika da tsari har ta bushe. Mutum yana iya ƙin abin da jarumi ya zaɓa amma ya yarda cewa marubucin bai yaudare shi ba. Sulhun da aka yi a kumbo kuwa tsakanin mutane biyu ne da ba mu san su ba sai a mintocin ƙarshe, ba mu san abin da ya raba su ba, don haka ban ga yadda zai taɓa zuciya ba.

Malam Abu Huzaifa:
Na karɓi wannan bambancin, amma ban sauka daga matsayina ba, domin yadda aka ƙawata faɗowar ma zaɓi ne na masu shirin. Sun iya nuna irin wannan ƙarshen su bar mu da fuskar uwar, sai suka bar mu da murmushinsa a cikin mota tare da abokansa. Kuma a shirin da ya biyo baya, Ashes to Ashes, wanda aka yi daga 2008 zuwa 2010, sun ƙara bayyana cewa wannan duniyar wani masauki ne na 'yan sandan da suka mutu, shi kansa Gene Hunt matashin kurtu ne da aka harbe tun 1953. Na ga wasu suna kiran wannan barzahu, ina roƙon mu bar kalmar a inda take, ƙirƙirar marubuta ce kawai ba ta da alaƙa da abin da muka yi imani da shi.

Maryam 'Yar Zariya:
Yayyena, ku yi min izini in shigo da na Koriya ta Kudu, domin ina ganin shi ne zai raba gardamar Anti Ummu Nabila da Yaya Ɗan Sabon Gari. Tashar OCN ta nuna shi a 2018, kashi 16 kamar na BBC, Jung Kyung-ho ne jarumin, Park Sung-woong kuma ya riƙe gurbin Gene Hunt. Ba su ɗauki 1973 ba, sai suka koma 1988, kuma duk ɗan Koriya ya san nauyin wannan shekarar. A watan Janairu na 1987 wani ɗalibin jami'a mai suna Park Jong-chul ya mutu a hannun 'yan sanda a Seoul sakamakon azabtarwa da ruwa, hukuma ta fara da cewa tebur aka buga ya firgita ya faɗi. Mutuwarsa na cikin abin da ya hura wutar zanga-zangar watan Yuni na wannan shekarar, wadda ta tilasta aka koma zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. A 1988 mulkin soja na Chun Doo-hwan ya ƙare, ƙasar tana shirin karɓar wasannin Olamfik, ana share tituna ana ɓoye talauci don idon baƙi, amma 'yan sandan da suka yi wa mulkin soja aiki suna nan a kujerunsu. Idan jami'i ya ɗaga hannu zai mari wanda ake zargi a cikin wannan shirin, mai kallo ya san inda irin wannan marin ya taɓa kaiwa.

Sun kuma kula da ƙananan abubuwa. A na BBC yarinyar nan ta hoton gwajin talabijin, mai riƙe da 'yar tsana, ita ke fitowa daga akwatin tana yi wa Sam magana cikin dare, abin da duk wanda ya girma a Ingila ya saba gani idan tasha ta rufe. 'Yan Koriya ba su kwafe ta ba, sai suka ɗauko dattijon ɗan wasa Choi Bool-am, jarumin wani tsohon shirin 'yan sanda da ƙasar ta yi shekaru tana kallo, shi ne ke juyowa daga cikin talabijin yana yi wa jarumin magana. 'Yar sandar da ke gurbin Annie, wadda Go Ah-sung ta fito a matsayinta, shayi da kofi take haɗawa, ba a ma kiranta da muƙaminta, sai baƙon da ya zo daga 2018 ne ya fara tambayar ra'ayinta a kan bincike. Ƙashin bayan labarin na BBC ne, har da komawar jarumin a ƙarshe, wanda na san Malam ba zai so ba, amma naman da ke jikinsa nasu ne.

Mai Kyamara:
Ƙanwata ta kawo hujja mai ƙarfi, kuma sauran ƙasashen ma haka suka yi. Sifaniya ta yi nata a 2009 ta koma 1977, shekara biyu bayan mutuwar Franco, shugabanta na mulkin kama-karya, shekarar zaɓen farko bayan mulkinsa. Jamhuriyar Cek ta yi nata a 2017 ta koma 1982, lokacin mulkin gurguzu. Rasha ta yi nata a 2012 ta koma Mosko ta 1979, har ma ta juya lissafin, inda ɗan sandan zamani ne mai gaggawa da karya ƙa'ida, ya faɗa cikin tsarin Tarayyar Sobiyat mai tsauri. A cikin waɗannan duka, Amurka ce kaɗai ta riƙe shekarar Ingila.

Ɗan Sabon Gari:
Na sassauta, amma ba gaba ɗaya ba. Har yanzu ina ganin Michael Imperioli ya fi takwaransa na Ingila ba wa Ray rai, kuma birnin New York da suka gina, da shararsa da hayaniyarsa, ya gamsar da ni. Inda na yarda an yi kuskure shi ne Harvey Keitel. Babban ɗan wasa ne, amma yana dab da shekara 70 a lokacin, alhali Philip Glenister yana da 40 da 'yan kai lokacin da ya fara fitowa a Gene Hunt. A na Ingila Sam da Gene kusan tsara ne, zakaru biyu a akurki ɗaya, kowa na iya kai wa ɗan uwansa naushi kuma kowa na koyon wani abu daga ɗayan. A na Amurka sai abin ya koma tsakanin dattijo da yaro, Gene ya ja baya ya zama mai nasiha, rigimar ta koma kan Ray. Yanzu da na yi tunani, wataƙila da gangan ne saboda sun san a ƙarshe za su ce uba ne da ɗa.

Baba Na Kaduna:
'Ya'yana, na daɗe ina bin wannan muhawara ban sa baki ba, amma akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba, kuma ya shafi dukkan shirye-shiryen, na asali da na kwaikwayo. Kowannensu ya ƙare da sa mai kallo ya ƙaunaci ɗan sandan da ke dukan mutane. An rubuta Gene Hunt don ya zama abin tsoro, sai ya zama gwarzo, har ta kai a zaɓen Birtaniya na 2010 jam'iyyar Labour ta buga hoton David Cameron, shugaban jam'iyyar Conservative na lokacin, a siffarsa, zaune a kan jar motar nan ta Ashes to Ashes, da nufin ta tsorata jama'a, sai jam'iyyar Conservative ta karɓe hoton da murna ta mai da shi nata tallan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikin shiri marubuci ne ke riƙe da alƙalami, don haka mafi yawan lokuta wanda Gene ya daka yana da wani laifin, mai kallo sai ya ce ai hancinsa ba ya kuskure. A zahiri ba haka ba ne. Bayan bama-baman Birmingham na Nuwamban 1974, waɗanda suka kashe mutum 21, an kama mutum shida 'yan asalin Ireland, aka samu takardun amsa laifi daga wasunsu bayan duka, suka yi shekara 16 a kurkuku kafin a wanke su a 1991. Wannan shi ne ainihin abin da irin aikin Gene Hunt ke haifarwa.

Ina da ƙane da aka taɓa tsarewa kwana huɗu a kan kayan da suka ɓace a wurin aikinsa, shekaru da yawa da suka wuce. Da aka sake shi bayan an gano kayan a wani wuri, ya fi wata guda ba ya iya ɗaga hannunsa na dama ya kai loma baki, matarsa ce ke ba shi abinci, kuma har ya bar duniya ba ya son jin ƙarar ƙofar ƙarfe. Saboda haka idan na ga an mari mutum a talabijin an sa kiɗa mai daɗi a baya, ba na iya yin dariya tare da sauran masu kallo.

Ummu Nabila:
Allah ya jiƙansa, Baba, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Maganarka ita ce mafi nauyi a nan. Abin da zan ce don adalci ga na BBC shi ne bai rufe ido gaba ɗaya ba. A zango na biyu akwai kashin da bam ya tashi, aka ɗora wa 'yan Ireland, Gene ya kama wani lebura daga cikinsu ya yi masa dukan kawo wuƙa, daga baya ta bayyana ba shi da hannu. Wanda ya san tarihin da ka ambata ya san abin da marubutan ke nunawa da yatsa. Amma na yarda kashi ɗaya ba ya goge sha biyar, kuma a mako na gaba an dawo ana dariyar barkwancin Gene kamar babu abin da ya faru.

Shi ya sa idan wani a masana'antarmu ya taɓa tunanin sayen wannan labarin, tambayar da zan fara yi masa ita ce wace shekara zai koma, kuma me ɗan sandansa na yau zai riƙe a hannu wanda na jiya ba su da shi. A takarda, a Najeriya muna da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ta yi maganar naɗar bayanin amsa laifi, muna da dokar hana azabtarwa ta 2017. Sam Tyler yana iya tsayawa a 1973 da ƙarfin zuciya ne saboda ya fito daga wurin da rikodar ta riga ta zama al'ada, ba ya ma tunanin fara tambaya ba tare da ita ba. Marubucinmu sai ya fara tabbatar wa mai kallo cewa jaruminsa ya fito daga irin wannan wurin.

Maryam 'Yar Zariya:
Allah ya jiƙan Kawu, Baba. Ina so in gyara wani abu a maganata ta baya, domin bayan na karanta abin da ka rubuta na koma na duba yadda na ji lokacin da nake kallon na Koriya. Duk da tarihin 1987 da na kawo, zuwa tsakiyar shirin na daina ganin shugaban 'yan sandan nan a matsayin mai duka, na koma ganinsa a matsayin uban gida mai zafin rai da kirki, kuma lokacin da jarumin ya zaɓi komawa wurinsu na ji daɗi har da hawaye. Ban tuna da ɗalibin nan ba ko sau ɗaya a kashin ƙarshe.

Abu Safwan:
Na gode muku duka. Na shigo da ƙorafi a kan kumbo da duniyar Mars, kuma har yanzu ina nan a kan cewa wannan ƙarshen bai dace da kashi 16 da suka gabace shi ba. Zan nemi na Koriya in kalla a wannan makon. Anti Ummu Nabila, idan da hali ki faɗa min lambar kashin nan na bam a zango na biyu, domin ina so in sake kallonsa kafin in fara, in lura da abin da aka nuna game da leburan bayan an sake shi, ko kuwa kyamarar ta bi Gene ne zuwa mashaya ta bar shi a nan.